Tukwanen Fure a Saman Silin Arnold

Shekara talatin da ɗaya Wilf Ormerod ya yi yana rarrafe a saman silin mutanen garin Bacup, kuma har ya ajiye aiki ƙafarsa ba ta taɓa ɓulla cikin ɗakin kowa ba. Abin da yake so a faɗa a kansa ke nan ranar jana'izarsa. Matarsa Beryl ta ce za ta faɗa, amma sai ta fara ba da labarin zannuwan gadon da ya lalata mata tukuna.

Ba da wannan sana'a ya tashi ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya shiga masana'antar takalma da ke gindin kwari, inda ubansa ya tsufa, yana manna dunduniya daga safe har yamma. Ranar da aka rufe masana'antar aka sallami kowa, wani ɗan kwangila ya tsaya a bakin ƙofa yana neman siraran mutane. Wilf kuwa lokacin kamar tsinken tsintsiya yake. Aka ba shi tocila da wuƙa da ƙyallen rufe hanci, aka nuna masa 'yar ƙofar da ke cikin silin, aka ce ya hau. Aikin shi ne shimfiɗa audugar gilashi tsakanin silin da rufi, don ɗumin gida ya daina tserewa ta sama. Audugar nan kuwa, Allah ya raba ka da ita. Ta shiga wuya, ta shiga hammata, ta bi ka har gado. Beryl ta yi shekara talatin tana kwana da mutumin da ke susa cikin barci.

Ana nan sai yayin wasu fitilu ya shigo, 'yan ƙanana, waɗanda ake huda silin a cusa su ciki, fuskarsu kawai ke leƙowa ɗaki, gindinsu yana can sama. Kowace mace a kwarin ta ce ita sai su. Kyau dai akwai kyau. Amma gindin nan in ya yi awa guda a kunne, sai ka soya ƙwai a kansa. Ka lulluɓe shi da auduga, zafi ya rasa hanyar fita, waya ta fara narkewa, katako ya fara gasuwa a hankali, wata rana sai dai ka ga motar 'yan kwana-kwana a ƙofar gidanka. Saboda haka Wilf yana da dokarsa, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Zai yanke audugar ya bar tazarar tafin hannu a kewayen kowace fitila, ya ɗaga wayar ya ɗora ta a kan audugar, sannan ya kifa tukunyar fure ta yumɓu a kan fitilar, ramin gindinta yana kallon sama don zafi ya sami mafita. Daga baya kantuna suka fito da wasu huluna na musamman, masu duba aiki suka ce su za a riƙa sawa. Wilf ya riƙa sawa, amma yana sawa yana tsaki. Da ya yi ritaya ya dawo gida da gwiwoyi biyu masu ƙara, da tumbin da ba ya jituwa da ƙofar silin, da tukwanen fure cike da ɗakin ajiya, ko ɗaya babu fure a ciki.

To, maƙwabcinsa shi ne Arnold Clegg. Bango ɗaya ya raba su, shekara arba'in da biyu ke nan. Tare suka yi aikin takalma, sai dai Arnold ba mai manna dunduniya ba ne, mayankin fata ne, kuma duk kwarin an san hannunsa. Yana iya fitar da takalmi goma daga fatar da wani zai fitar da takwas. Dukansu sun kusa saba'in, amma har yau “yaro” suke kiran juna. Kullum da safe sai sun tsaya a bakin katangar bayan gida sun zagi ruwan sama, su zagi ƙungiyar ƙwallonsu, kowa ya koma ciki. Abotar ke nan gaba ɗayanta, kuma Wilf ba shi da wata da ta fi ta.

Akwai abu ɗaya da ba a yi wa Arnold: ba a ce masa aikinsa bai yi ba. Wilf ya taɓa gwadawa, shekara ashirin da biyar da suka wuce. Arnold ya sa wa ɗakin ajiyarsa ƙofa, Wilf ya leƙa ya ce, “Kamar ta ɗan karkace, yaro.” Shi ke nan. Shekara biyu cur Arnold bai ce masa ko ina kwana ba. In yana son aron tsani, sai ya gaya wa matarsa Enid, Enid ta gaya wa Beryl, Beryl ta gaya wa Wilf, Wilf ya miƙa tsanin ta kan katanga ga mutumin da ke tsaye yana kallon gajimare. Ƙofar tana nan a karkace har yau.

Wata kaka, sanyi ya fara kamawa, Arnold ya kira shi daga katanga.

“Zo ka ga wani abu, yaro.”

Suka hau bene. Ashe tun bara Enid ta sa an cusa mata fitilun nan, huɗu a ɗakin kwana, uku a banɗaki. Arnold kuma, ba tare da ya ce wa kowa komai ba, ya sayo auduga ya hau ya shimfiɗa da kansa, alhali ga mai sana'ar nan a maƙwabtaka yana zaman banza. Ya jingina tsani, ya ture murfin silin, ya ja da baya yana murmushi.

Wilf ya hau, ya zura kai, ya haska tocila. Auduga ce shimfiɗe daga bango zuwa bango, lif, ba rami ba tudu, kamar gadon amarya.

“Fitilun fa?” ya tambaya, muryarsa can ƙasa.

“Suna ƙarƙashi. Na rufe su ruf. Ta nan iska ke shigowa, ai ka sani.”

Wilf ya tsaya a kan tsani, kansa a cikin duhu. Magana ta zo masa har baki. Sai ya tuna shekara biyun nan, ya tuna cewa yanzu ba lallai ne su biyun suna da shekara biyu ta zubarwa ba. Ya sauko a hankali, ya karkaɗe hannun rigarsa.

“Ba laifi,” ya ce.

Arnold ya washe baki. A Bacup in mutum ya ce maka ba laifi, ya gama yabonka.

Da ya koma gida ya kasa cin abinci. Beryl ta ajiye cokali ta dube shi.

“Wa ya mutu?”

Ya gaya mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “To ka je ka faɗa masa mana.”

“Haba, Beryl. Arnold ne fa.”

“Na san Arnold ne. Rufinmu ɗaya da shi, tsohon banza. In nasa ya kama, wutar za ta tsaya a bango ta nemi izini ne?”

“Zan san yadda zan yi.”

“Za ka san yadda za ka yi! Ku mazan garin nan, gara ku ƙone ƙurmus da a ce kun ɓata wa juna rai. Sai a rubuta a kabarinku: sun mutu da ladabi.”

Gaskiyarta, ni ma abin yana ba ni haushi. Mutum zai taka maka ƙafa a cikin bas, kai ne za ka ce masa yi haƙuri. Amma haka Allah ya yi su, kuma Wilf nasu ne har ɓargo.

Mako uku ya yi yana zagaye-zagaye. Da yamma ta yi, wajen ƙarfe huɗu tunda rana ta fara gajarta, sai ya fita tsakar gida ya ɗaga kai yana leƙen tagogin benen Arnold ko an kunna wuta. Ya gwada jirwaye. Ya ba da labarin wani gida a hayin kwari da ya ƙone saboda fitila. Arnold ya ce ai mutanen hayin can ba su iya komai ba. Ya ajiye tukwane bakwai a kan katanga ya ce kyauta ce; Arnold ya yi godiya ya shuka albasa a ciki. Wilf ya rame, tumbin ne kawai ya ƙi motsi.

Sai wata rana yana kwance yana kallon nasa silin, dabara ta faɗo masa. Tsofaffin gidajen layinsu, waɗanda aka gina wa ma'aikatan masaƙa, bangon da ya raba su bai kai har rufi ba. A sama akwai giɓi. In ka hau ta gidanka, kana iya rarrafawa ka faɗa saman gidan maƙwabci ba tare da ka taɓa ƙofarsa ba. Kuma kowace Alhamis da hantsi Arnold yana shiga bas ya tafi kasuwa sayen kifi, ba ya dawowa sai azahar.

“Ba za ka hau ba,” in ji Beryl. “Likita ya ce gwiwoyinka sun gama hawa.”

“Ke kika ce in yi wani abu.”

“Na ce ka buɗe baki, ban ce ka zama ɓarawo ba.”

Ranar Alhamis ita ce ta riƙe masa tsani. Kafaɗunsa suka wuce ƙofar silin, ƙirji ya wuce, tumbi ya ce nan fa ɗaya. Ya yi sama ya ƙi, ya yi ƙasa ya ƙi.

“Ja numfashi ciki!”

“Na ja!”

“Wannan ne ja? To ina burodin da ka ci da safe zai je?”

Ta sa kafaɗa a ƙarƙashinsa ta tura da ƙarfin shekara arba'in na haushi, ya fice sama fit, wandonsa ya ba da wata ƙara. Ta miƙa masa tukwane ɗaya bayan ɗaya, da katako na kwanciya, ta ce in ya faɗo kan gadon Enid kada ya dawo gida.

Ya rarrafa, yana taka katakon silin kawai, yana tura tukwane a gabansa. Gwiwoyin suna kuka, amma hannun bai manta ba. Ya ƙetare giɓin, ya auna da ido inda ɗakin kwana yake, ya ɗaga audugar. Fitila ta farko, audugar da ke kanta ta yi baƙi-baƙi, robar wayar ta yi laushi ta sake daskarewa a murɗe. Ya zauna a kan dunduniyarsa, gumi ya karyo masa duk da sanyin. Ya yanke, ya ɗaga waya, ya naɗe inda ta ji ciwo, ya kifa tukunya. Ya wuce ta biyu.

A ta uku ne ya ga almakashi. Babban almakashi ne mai baƙin hannu, na yankan fata, an yar da shi a kan auduga. Kusa da shi wani ya fara yanke audugar daga kan fitilar, ya bari. Wilf ya haska yankan. Ba yanka ba ne, tsattsaga ce, ta yi nan ta yi can, kamar ɓera ya ci. Ya juya tocilar ya bi gefen shimfiɗar gaba ɗaya, inda aka datse kowane naɗi. Duk haka suke. Ya daɗe yana kallo. Mutumin da ke raba fata da ido a rufe, shi ne ya yi wannan yanka. Ashe Arnold ya sani. Ya ji ƙauri, ya hau don ya gyara, hannu ya ƙi.

Yana cikin wannan sai murfin silin ya motsa a bayansa. Haske ya shigo. Wilf ya daskare, wuƙa a hannu, wando a yage. Wani hannu ya ɓullo, ya ajiye kofin shayi a kan faranti da biskit biyu a gefe, sannan kan Enid ya biyo baya, gashinta fari fat.

“Sukari biyu, ko Beryl ta hana?”

“Enid, ni... wato na zo ne...”

“Na san abin da ya kawo ka, Wilf. Tun ɗazu nake jin ka. Na zaci saniya ce ta hau rufi.” Ta dubi tukwanen. “Ka kyauta. Mako uku ke nan ina wanka a cikin duhu. Na ce masa fitilun suna sa mini ciwon kai. Shekaranjiya na wanke gashina da man goge baho.”

“Ke ma kin sani?”

“Ina da hanci, ai.”

“To me ya hana ki gaya masa?”

Ta dube shi kamar ya yi tambayar wauta. “Kai me ya hana ka?”

Sai ya kurɓi shayin. Ta ja murfin ta rufe.

Ya gama ɗakin kwana, ya gama biyu a banɗaki, yana kan ta bakwai sai ya ji ƙofar gida ta buɗe a ƙasa. Ko sha biyu ba ta yi ba. Mai kifi bai fito ba ranar. Wilf ya kashe tocila ya miƙe a kan katakonsa, ya rungume kofi a ƙirji. Ya ji takun Arnold yana hawa bene, taka ɗaya-ɗaya, ya ji ya tsaya daidai inda tsani yake jingine.

“Enid. Me tsani ke yi a nan?”

“Yanar gizo nake sharewa.”

“Uhm.”

Wilf yana kwance, ƙurar auduga tana masa cakulkuli a maƙogwaro. Ya danne, ya haɗiye, ya cije hannun riga, hawaye suka zubo. Ina! Tari ya ƙwace, irin nasa na tsohon ma'aikaci, wanda duk layin suka sani ta cikin bango.

“Mene ne wancan?” in ji Arnold.

“Tantabara ce,” in ji Enid, ko gezau.

“Tantabara.”

“Suna shigowa ta ƙarƙashin rufi.”

“Ta daɗe tana shan taba, wannan tantabarar.”

Wilf ya rufe ido. Shi ke nan, ya ce a ransa, an gama. Wancan karon magana ɗaya ce ta jawo shekara biyu; wannan kuwa ya shiga gidan mutum ta sama ya kwance masa aiki. Ya ji baƙin ciki ya taso masa sosai, ya ga safiyar gobe, ya ga kansa a bakin katanga shi kaɗai. Ya jira tsawa.

Arnold ya yi gyaran murya. Ya ɗaga murya yadda ake yi wa kurma, yana magana da matarsa da ke tsaye kusa da shi.

“Enid, in tantabarar nan tana jin magana, akwai ta takwas. A saman matakala take, bayan tankin ruwa. Ba a ganinta daga nan.”

Sannan ya sauka ƙasa, ya kunna rediyo da ƙarfi.

Wilf ya kunna tocila. Tukwane bakwai ya hawo da su. Ya rarrafa har giɓin ya kira Beryl ƙasa-ƙasa, ta miƙo ta takwas tana tambayar ko an kira 'yan sanda. Ya sami fitilar a bayan tanki, ya yanke, ya ɗaga waya, ya kifa. Ya ɗauki almakashin ya goge shi, ya ajiye a bakin murfin silin tare da kofi da faranti. Saukowa ta fi hawa wuya. Sai da Beryl ta ja shi ta ƙafa.

Da la'asar ya fita zubar da shara, ba don kwandon ya cika ba. Arnold yana tsaye a bakin katanga, hannayensa a aljihu. Ana yayyafi.

“Ruwa kuma,” in ji Arnold.

“Ba ya gajiya.”

“Asabar za su sake cinye mu a ƙwallo.”

“Ai ba mai tsaron gida gare mu ba, gunki ne.”

Wilf yana susar wuya, yana jiran abin da zai biyo baya. Arnold ya zaro hannun dama daga aljihu ya ɗora a kan katanga. Hannun yana rawa, yana bugun dutsen a hankali, shi kaɗai, ba mai ce masa yi. Dukansu suka tsaya suna kallonsa.

“Tun bazara,” in ji Arnold. “Likita ya ce ba zai daina ba. Gaba ma zai yi.”

“Na gani.”

“A ina ka gani? Kullum a aljihu yake.”

Wilf ya nuna rufi da haɓa. “A yankan audugar.”

Arnold ya gyaɗa kai. Bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi fushin ciwo.

“So na yi in yi mata aiki ɗaya da hannuna kafin ya ƙwace gaba ɗaya. Kullum tana kukan sanyi.” Ya yi wata 'yar dariya. “Saura kaɗan in ɗumama ta har abada.”

Tausayi ya kama Wilf har ya rasa inda zai sa ido. Shekara arba'in da biyu, yau ne karo na farko da mutumin nan ya faɗa masa abin da ke ransa kai tsaye.

“Shimfiɗar ta yi kauri yadda ya kamata,” in ji Wilf a ƙarshe. “Gidan zai yi ɗumi.”

“Tankin ruwan yana so a naɗe shi kafin ƙanƙara ta sauko,” in ji Arnold. “Bututun ma haka. Ni ba zan iya ba.”

“Zan duba.”

Arnold ya mayar da hannun aljihu, ya juya zai shiga gida. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

“Gobe ka shigo ta ƙofa, yaro. Ni zan riƙe maka tsani.”